Firjin Ɗakinmu Ba Rumbu Ba Ne

Mu huɗu ne a ɗakinmu, kuma a farkon zangon karatun da ya wuce muka yi karo-karo muka sayi ɗan ƙaramin firji na hannu. Ranar da ɗan adaidaita sahu ya sauke mana shi, sai da 'yan ɗakunan maƙwabta suka riƙa leƙowa suna yi mana barka kamar an yi mana haihuwa. Ba a yi kwana uku ba ya cika taf. Tumatir da albasa a ƙasa, biredi a sama, ayaba a jikin ƙofa, ga kwalbar zuma da mahaifiyar ɗayanmu ta aiko masa da ita daga gida, har ledar ƙuli-ƙuli da ta garin kwaki sai da suka samu mazauni. Duk abin da ya shigo ɗakin da sunan abinci, hanyar firji yake kamawa.

Wata ranar Laraba da daddare muka dafa shinkafa da miya, muka ci, aka bar saura. Na buɗe firji in saka, babu wuri. Maimakon in fitar da albasa da biredi, sai na ɗora tukunyar a saman firjin, inda ɗumin injin yake tashi, na ce da safe ma san yadda za mu yi. Da safe kowa ya yi sammakon lakca. Da azahar abokin ɗakinmu ya dawo da yunwa, ya ɗumama shinkafar ya ci. Kafin la'asar ya fara amai, da magariba muna asibitin makaranta ana yi masa ƙarin ruwa, gwajin da aka yi ranar Juma'a da safe kuwa bai rubuta ba. Har yau idan na tuna, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abubuwan da suka cike wurin shinkafar nan a cikin firji babu ɗaya daga cikinsu da yake buƙatar sanyi. Wasu ma sanyin ɓata su yake yi.

Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Ra'ayina shi ne, kusan rabin abin da mu ɗalibai muke cusawa a firji ya kamata ya fito waje, kuma a irin wutar da muke samu, rashin sanin wannan yana cinye mana kuɗi, wani lokaci har lafiya.

Mu fara da aikin firjin kansa, tunda yawancinmu kallon akwatin sihiri muke yi masa. Firji ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu saurin hayayyafa kawai yake yi, kuma sai in sanyin cikinsa ya kai digiri 5 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci a ɗaki fiye da awa 2, a riƙe shi ko dai da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan lambobi biyu nan ne kasuwar ƙwayoyin cuta take ci. Idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ƙofarsa ba yana riƙe sanyin da ya isa na kusan awa 4 ne kawai. To ka gaya mini, wane firjin ɗalibai ne yake yin awa 4 ba a buɗe shi ba? Wannan ya zo ɗaukar ruwa, wancan ya zo yanko albasa, wani ma buɗewa yake ya leƙa ya rufe don ya ga ko an ƙara wani abu. Kowace buɗewa sanyi ne yake zubewa. Ga shi kuma in an cusa kaya har iska ba ta zagayawa, na lungu ya daskare, na bakin ƙofa ya yi ɗumi.

Ke nan wurin cikin firji abu ne mai tsada, kamar gado a hostel ranar rajista. Duk wanda ya shiga ba da haƙƙi ba, wani mai haƙƙi ya kora.

Tumatir shi ne babban mai laifi, kuma a kansa na fi shan musu. Tumatir ɗan ƙasar zafi ne. Idan sanyi ya yi ƙasa da kusan digiri 12, nunarsa tana tsayawa, naman cikinsa ya yi laushi kamar dusa, ƙamshinsa ya tafi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka sun nuna cewa tumatirin da ya yi kwanaki a sanyin firji yana rasa da yawa daga sinadaran da suke ba shi ƙamshi da ɗanɗano, kuma ko an fito da shi ba duka suke dawowa ba. Ni ban buƙaci Amurkawa su gaya mini ba. Ka yanka tumatirin da ya kwana biyar a firji a kan wake da shinkafa da mai da yaji, ka gwada da wanda ka sayo yau a bakin get, harshenka zai ba ka labari.

Amma a nan dole in yi adalci, domin na san abin da mai karatu zai ce: malam, kana maganar ƙamshi, a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40 tumatir a ɗaki kwana biyu ne ya zama ruwa. Gaskiya ne. Tumatirin da ya nuna jajir ya fara laushi, ko wanda aka riga aka yanka, gara ya shiga firji da ya ruɓe a kwando. Abin da nake cewa shi ne wanda bai gama nuna ba, mai tauri, a baza shi a faranti ko kwando a inuwa, kada a bar shi a ƙulle cikin leda yana gumi. Kuma in ka samu arahar tumatir ka sayi da yawa, mafi dabara ita ce ka kai markaɗe tare da tattasai da attaruhu, ka tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ka zuba a ƙaramar roba mai murfi. Abin da zai cike rabin firji ya koma roba ɗaya, kuma wannan robar ita ce take da haƙƙin shiga sanyi.

Ayaba ba sai na daɗe ba, kowa ya ga yadda bawonta yake baƙi ƙirin a firji. Ko jiragen ruwan da suke kai ta Turai a kusan digiri 13 zuwa 14 suke riƙe ta, ba a sanyin firji ba. Ɗanyen mangwaro ma haka, in ya sha sanyi kafin ya nuna ba zai ƙara nuna da kyau ba. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne ayaba tana fitar da wata iska da take hanzarta nunar abin da yake kusa da ita, don haka kada a haɗa ta kwando ɗaya da tumatir sai in ana so ya nuna da wuri.

Doya da dankalin Hausa sanyi cutar da su yake yi. Doya takan canza launi daga ciki ta fara ruɓewa, dankalin Hausa kuma ya yi wani tauri a tsakiya wanda ko an dafa ba ya laushi. Dankalin Turawa, irin wanda ake kawo mana daga Filato, shi kuma sitacin cikinsa sukari yake komawa a sanyi, shi ya sa in ka soya shi sai ya yi duhu tun bai soyu ba, ga wani zaƙi-zaƙi da ba ka nema ba. Ƙarƙashin gado ya ishe su, a kwali ko kwando mai shan iska, inda haske ba ya kaiwa. Dankalin Turawan da haske ya sa ya yi kore, a fere koren sosai, in ya yi yawa a zubar.

Albasa kuwa, haba jama'a! Manoman Aliero a jihar Kebbi suna ajiye albasa watanni ba tare da wutar lantarki ba, abin da kawai suke nema mata shi ne bushewa da inuwa da iska. Mu kuma mu ɗauke ta mu kai ta wurin da ya fi ko'ina laima a ɗakin. Sai ta yi laushi, ta fara baƙin fumfuna, ta kuma saka wa ruwan sha da fura warinta. Duk wanda ya taɓa shan ruwan sanyi mai ɗanɗanon albasa da tsakar dare ya san abin da nake nufi. Tafarnuwa ma waje take so. Rabin albasar da aka yanka ne kawai zai shiga firji, shi ma a rufe. Maganar da take yawo a WhatsApp cewa yankakkiyar albasa guba take zama in ta kwana, ba ta da tushe.

Na biredi ya fi ba mutane mamaki. Ana saka shi a firji don kada ya bushe, alhali sanyin firji ne yake sa sitacinsa ya taurare da sauri fiye da in an bar shi a ɗaki. Shi ya sa biredin firji yake marmashewa a hannu ko da ledar a ɗaure take. Da damina, lokacin da fumfuna take saurin kama shi, na yarda firji yana jinkirta ta. Amma wane ɗalibi ne biredi yake kwana huɗu a hannunsa? A sayi daidai na kwana biyu, shi ke nan.

Zumar abokina kuma sai da ta kusa haɗa shi faɗa da ɗan garinsu. Bayan makonni a firji ta yi kauri ta fara tsatsa-tsatsa a ƙasan kwalba, ya rantse an haɗa masa da sukari. Ba haka ba ne. Zuma ta gaskiya tana daskarewa a wuri mai sanyi, kuma ruwan da yake cikinta kaɗan ne ƙwarai, bai kai kashi 20 cikin 100 ba, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa iya rayuwa su yaɗu a ciki. Murfi mai kyau kawai take buƙata saboda tururuwa. Manja da man gyaɗa su ma daskarewa kawai za su yi, ka tsaya kana kankara da cokali.

Inda na fi son mu tsaya mu yi tunani shi ne kayan busassu: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, soyayyiyar gyaɗa. Waɗannan duk iyayenmu sun riga sun gama musu aikin ajiya tun kafin su iso hannunmu. Da rana da gishiri da wuta da mai aka kore ruwan da yake cikinsu, kuma rashin ruwan nan shi ne kariyarsu. Firjin da wuta take zuwa tana tafiya kuwa, injin samar da laima ne. Ka lura da kwalbar ruwan sanyi in ka ajiye ta a tebur, yadda take yin gumi. Haka duk abin da yake cikin firji yake yi in wuta ta tafi aka buɗe ƙofa, iska mai ɗumi ta shiga. Ƙanƙarar saman ta narke ta ɗiga. Wuta ta dawo, a sake sanyi, ta tafi, a sake gumi. Sau nawa a rana? Cikin mako guda ƙuli-ƙuli ya yi lanƙwasa, yaji ya dunƙule, kilishi ya fara fari-fari. Ka ɗauki abin da zai yi wata biyu lafiya a cikin gwangwani ka ruɓar da shi cikin kwana goma, kuma kana ganin gata ka yi masa.

Abin bai tsaya ga ɗanɗano ba. Gyaɗa da masara in suka sha laima, akwai fumfunar da take kama su mai fitar da guba da ake kira aflatoksin, wadda take lahanta hanta, kuma dafuwa ko suya ba ta kashe ta. Don haka ƙuli-ƙuli ko gyaɗar da ta yi fumfuna ba a karkaɗewa a ci, zubarwa ake yi, komai ƙarshen wata.

Ƙwai yana tsakiya, ba zan yi masa hukunci ɗaya ba. Sanyi mai ɗorewa yana ƙara masa kwana, wannan babu musu. Amma ƙwan da ba a wanke ba yana da wani siririn rufi a bawonsa da yake tare ƙwayoyin cuta, kuma gumin shiga da fita daga sanyi yana taimaka musu su ratsa bawon. A Amurka wanke ƙwai ake yi kafin a sayar, don haka dole ya zauna a firji, a yawancin ƙasashen Turai kuwa ba a wankewa, a kan kanta ake jera shi a shago. Namu irin na biyun ne. In wutarku ba ta tsayawa, sayi kaɗan, kada ka wanke sai za ka fasa, ka cinye cikin 'yan kwanaki.

Na san akwai dalilin da ba mu cika faɗa ba. Da yawanmu ba don sanyi muke saka abu a firji ba, don ɓera da kyankyaso ne. Firji ne kaɗai abin da yake rufuwa ruf a ɗakin. Wannan dalili ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Amma bokitin roba mai murfi da gwangwanin madara da aka wanke aka shanya sun fi firji arha nesa ba kusa ba, kuma ba sa jiran wuta. Albasa da tumatir a rataye su a kwando ko buhun raga a jikin ƙusa. Ɓera mai ƙafa biyu kuwa, wanda yake shigowa da sallama, firji bai taɓa hana shi ba, hasali ma nan yake fara dubawa.

Akwai wani abu kuma da nake zargin yana cikin lamarin, wato ganin cewa ajiye abinci a kwando ƙauyanci ne, firji kuma wayewa. A kan wannan ina so in tuna mana da wani mutum da ya kamata duk ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha a Arewa ya san sunansa: Mohammed Bah Abba, wanda ya taɓa zama malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse. A shekarun 1990 ya yaɗa wata dabara a ƙauyuka: a saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake tsatsowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin ciki, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Gautan da yake lalacewa a kwana 3 ya riƙa kaiwa kwana 27, tumatir da tattasai su yi makonni. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Abin da ya burge ni shi ne, sanyin tukunyar nan bai kai na firji ba, kuma wannan ne ma amfaninta ga tumatir da tattasai da gauta da ganye, tunda sanyi mai sauƙi suke so, ba mai cizo ba. Tana da iyakarta. Ta fi aiki da rani da lokacin hunturu da iska take a bushe, da damina ƙarfinta yana raguwa, kuma ba wurin ajiye nama ko sauran miya ba ce. Amma a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan lantarki suka lalace jihohin Arewa da dama suka haura mako guda a duhu, duk firjin da ba shi da janareta ko sola kabad ya koma, tukunya kuwa ruwa kofi biyu take nema safe da yamma. Muna da sassan injiniya da na kimiyyar abinci a makarantar nan, kowace shekara ana neman abin da za a yi furojet a kai. Ban ga abin da zai hana ƙungiyar ɗalibai ta haɗa kai da su a ajiye irin waɗannan tukwane a barandar kowane bulok ba.

To me zai zauna a firjin? Sauran miya da dafaffiyar shinkafa da wake da taliya, ɗanyen nama da kifi, madarar da aka buɗe, nono da kindirmo, kunun aya da zoɓo, yankakkiyar kankana, markaɗen da aka tafasa. Shinkafa ta fi kowa buƙatar a yi mata hanzari, domin akwai wata ƙwayar cuta da take tsira daga dafuwa, in shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta hayayyafa ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Da na san wannan a daren Larabar nan, da albasa ce ta kwana a waje. A juye sauran abinci a roba marar zurfi don ya huce da wuri, a saka shi kafin awa 2 ta cika. In wuta ta yi dogon zango har cikin firjin ya yi ɗumi, kada a dogara da sunsunawa, ba kowace guba ce take wari ba.

Sannan akwai waɗanda wurin nan ya fi mana muhimmanci a gare su. A cikinmu akwai masu ciwon sukari da suke allurar insulin, wadda in ba a fara amfani da ita ba ake ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. A bulok ɗinmu firji uku ne kacal, kuma na taɓa ganin wani yana bi ɗaki-ɗaki yana roƙon a ba shi ɗan lungu ya ajiye maganinsa, ana ce masa wallahi babu wuri. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu, musamman mai kula da walwalar ɗalibai, su nema wa irin waɗannan 'yan uwa wurin ajiya tabbatacce a inda janareta yake aiki, kada a bar su da roƙo.

A ɗakinmu dai mun yi zama bayan abokinmu ya warke. Mun buga ƙusa biyu a bango, mun sayi bokiti mai murfi, mun kuma liƙa takarda a ƙofar firjin da sunayen abubuwan da aka hana shiga. Biredi ne har yanzu muke kamawa a ciki lokaci-lokaci, kuma duk mun san wanda yake sakawa.